Tsohuwar kwamfuta: yadda ake buɗe ta a karanta cikinta kafin a ba ta wuta

Tsofaffin kwamfutoci ba su ƙare a Bauchi ba. Suna nan jibge a sito na ma'aikatu da makarantu, wasu a ƙuryar shagunan da suka yi sana'ar buga takardu a shekarun baya, wasu kuma sun riga sun faɗa hannun 'yan jari-bola suna jiran sikeli. Idan ɗaya ta zo hannunka, ko kai ɗalibi ne ko yaron shago a wajen mai gyaran rediyo, abin da zuciya za ta fara raya maka shi ne ka jona ta ka ga ko za ta tashi. Kada ka yi. Na'urar da ta shekara talatin a ajiye tana iya zama da lafiyarta ƙalau, daƙiƙa biyu na wuta su hallaka ta. Ido ne ke fara aiki, mita ta biyo baya, wuta ta zo a ƙarshe.

Wacce ce a gabanka?

Kamfanin IBM ya fito da samfurin 5150 ranar 12 ga Agustan 1981, ya biyo da XT a 1983, sannan AT a 1984. Daga nan wasu kamfanoni suka shiga kwaikwayon tsarin. Ainihin IBM tana da wuyar samu a wajenmu. Abin da aka fi cin karo da shi su ne na kwaikwayo masu furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, samfurin 286 da 386 da 486. Duk zuri'a ɗaya ce, wanda ya iya karanta cikin kakar ba zai ɓata a cikin jikokin ba.

Juya ta ka dubi bayanta. Ramin kibod babba ne, zagayayye, mai huji biyar. In ka ga irinsa guda biyu a jere, 5150 ce, na biyun na rikoda ne, don a lokacin ana adana bayanai a kaset. Ƙirga tsagin da katuna, wato ƙananan allunan lantarki da ake cusawa a ciki, ke leƙowa: biyar a 5150, takwas a XT da AT. Ramin monita mai huji 9 a layi biyu na tsofaffin katunan hoto ne, wato MDA da CGA da EGA; mai huji 15 a layi uku shi ne VGA, wanda ya fito a 1987, kuma shi kaɗai ne monitar yau za ta karɓa kai tsaye. Kada ka rikita ramin hoto mai huji 9 da na siriyal: na hoto huji ne da shi, na siriyal tsinkaye.

Yanzu abin da ya fi kowane muhimmanci a bayan nan: takardar da ke manne a akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira fawa-fak. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120 ko kusa da haka. Da yawa suna da ɗan jan makunni da ake turawa tsakanin 115 da 230. In yana kan 115, na'urar tana ninka wutar da ta shigo ne sau biyu. Ka ba ta 230 a haka, fiye da bolt 600 za su sauka kan manyan kafasita, wato ma'ajiyar wuta, guda biyu da kowanne bai wuce ɗaukar 200 ba. Ƙara ɗaya za ka ji, sai hayaƙi. Tura shi kan 230 tun yanzu, ka manne shi da salatif. Wasu kuma ba su da makunnin sam, ciki har da 5150 da aka yi don kasuwar Amurka. Irin waɗannan sai da taransifoma mai sauke wuta zuwa 110.

Kayan aiki da wurin aiki

Ba kaya masu tsada ake bukata ba: sukundireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, mita mai auna bolt da om, sabon buroshin fenti mai laushi, tsohon buroshin haƙori, auduga, farin magogin fensir, ruwan khal fari, sipirit, tocila, salatif na takarda da biro, da waya mai ɗaukar hoto. Sipirit ɗin da masu gyaran waya ke wanke allon lantarki da shi ya fi na kemis, don ba ya barin shaida in ya bushe. Fetur da kananzir da tina kuwa kada su kusanci wurin, suna cin roba suna goge rubutun da kake son karantawa. Ka nemi tiren ƙwai ko murafen kwalba na zuba sukurori, kowane rukuni da gurbinsa, domin doguwar sukuru in ta shiga ramin gajera takan huda abin da ke ƙasanta.

Mu da muke ƙasar hunturu akwai abin da ya shafe mu fiye da mutanen kudu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska takan bushe ƙarau, har mutum ya taɓa ƙofar mota ya ji ta tsikare shi. Wannan tartsatsin da jiki ke tarawa ya kai dubban bolt, kuma wanda bai kai ka ji shi ba ma ya isa ya kashe aisi, wato ƙananan baƙaƙen ƙwayoyin lantarki masu ƙafafu da ke kan allon kwamfuta. Yi aiki a kan teburin katako, ban da kafet, ban da tabarmar roba, ka cire rigar sanyi mai leda-leda. Kafin ka taɓa kowane kati, dafa ƙarfen jikin kwamfutar, ka riƙa maimaitawa. In akwai igiyar ɗaurawa a wuyan hannu, ta fi. Kati kuwa a gefensa ake riƙe shi, ba a kan haƙoransa ba.

Abu biyu ba a buɗe su a wannan aikin: monita mai ƙeya da cikin akwatin wuta. Kwalbar monita tana aiki da fiye da bolt 10,000, akwatin wuta kuma yana riƙe sama da 300 a kafasitocinsa, kuma dukansu suna iya ajiye wutar bayan an zare waya. Wannan na ƙwararren mai gyaran talabijin ne, wanda ya san yadda ake sauke ta.

Cire murfi

A IBM ana kwance sukurorin baya ne a ja murfin zuwa gaba. A yawancin na kwaikwayo baya ake ja, wasu kuma maɓalli biyu ake dannawa a gefe murfin ya ɗago sama. Ja a hankali, saboda akwai wani ƙarfe a cikin murfin da ke kama faffaɗar waya ya yage ta. Da ka buɗe, hannu a baya tukuna. Ɗauki hoto daga sama, ɗauki na kowane kati da ramin da yake, kowace waya da inda ta nufa, kowane ƙaramin makunni da jampa, wato 'yar hular da ke haɗa tsinkaye biyu. Littafin da ya zo da na'urar ya daɗe da ɓata, yadda ka same ta shi ne littafinka. Manna salatif a kowace waya ka rubuta inda ta fito.

Sai hanci da tocila. Warin ƙuna yana nuna an taɓa gwada ta ta ƙone, warin fitsari na ɓera ne, kuma in da ɓera to duba wayoyi, ya ci wasu. Za ka ga jar ƙura ta yi kauri, kashin kyankyaso, busasshiyar tsaka, wani lokaci ɗakin zanzaro na laka manne a kan allo. Ƙura ita kaɗai a bushe ba ta cika ɓarna ba, amma in damina ta shigo ta sha laima sai ta zama hanyar wuta, ta kuma jawo tsatsa. Share ta da buroshi a waje. Kada ka kai wa mai faci ya busa: iskar injinsa tana ɗauke da ruwa da mai, ƙarfinta kuma yana fizge jampa. Ɗakin zanzaro jiƙa shi ake yi da sipirit ya saki da kansa. In ka ɓamɓare shi a bushe zai tafi da ƙafar wani abu.

Zare katunan ɗaya bayan ɗaya: kwance sukurun da ke riƙe da shi, kama gefe biyu, ka ɗan rausaya shi gaba da baya ta tsawonsa yana fitowa. Goge haƙoran da farin magogi har su yi haske, ka bi da sipirit.

Karanta babban allo

Nan ne daɗin aikin yake, kuma nan ne dalilin da ya sa muke ganin asara ce a sayar da waɗannan na'urori a kilo. A kwamfutar yau an cusa kusan komai cikin aisi ɗaya ko biyu, ɗalibi sai dai ya ji a baki. Allon 1981 kuwa kamar kasuwar Muda Lawal yake: mai hatsi da rumfarsa, mai doya da tasa, kana iya ɗora yatsa ka ce wannan ga aikinsa.

Fara da furosesa. A 5150 da XT wani dogon baƙin aisi ne mai ƙafa 40, ashirin a kowane gefe, an rubuta masa 8088. Ba fanka, ba ƙarfen sanyaya. Na Intel ne, da taransisto kimanin 29,000 a cikinsa, amma kana iya ganin tambarin AMD, don su ma sun ƙera shi bisa izini. In ka ga NEC V20, wani ne ya sauya don ƙarin ɗan sauri. Kusa da shi akwai soket mai huji 40 da babu komai a ciki. Ba sata aka yi ba, gurbin 8087 ne mai taimakawa da lissafi, wanda ake saye daban, kuma yawanci fanko yake zuwa.

Nemi wani ɗan ƙarfe mai sheƙi da aka rubuta wa 14.31818. Kiristal ne, shi ke kaɗa wa allon gaba ɗaya. Aisi mai lamba 8284 yana raba bugunsa gida uku, abin da ya ba da megahaz 4.77, saurin furosesan ke nan. Lambar ta zo a karkace ne saboda ninki huɗu ce ta siginar launi ta talabijin ɗin Amurka, don haka kiristal ɗaya ya wadatar da furosesa da katin hoto na CGA, an rage kuɗi.

Sauran manyan aisi huɗu kowa da aikinsa. 8259 shi ke karɓar kiran gaggawa daga kibod da fulofi da agogo, ya jera su, ya miƙa wa furosesa; layi takwas gare shi. 8253 mai ƙirga lokaci ne: yana buga agogo sau 18.2 a daƙiƙa, yana tuna wa allon ya sabunta RAM, wato ma'ajiyar bayanan da kwamfuta ke aiki da su a lokacin da take kunne, kuma shi ke sa sifika kuka. 8237 yana ɗebo bayanai daga faifai zuwa RAM ba tare da an ɗora wa furosesa ba. 8255 kuma shi ke karanta kibod da ƙananan makunnai. Ƙananan aisi birjik masu farawa da 74LS su ne ke haɗa tsakani.

RAM ba ta ɓuya: ƙananan aisi iri ɗaya a jere, layi huɗu, tara a kowane layi. Takwas na ɗaukar bayani, na taran yana lura ko an samu kuskure. Lambar da ke bayansu ita za ta gaya maka yawanta ba tare da ka kunna komai ba. In 4116 ne, kowane layi kilobayit 16, huɗun 64. In 4164 ne, layi 64, huɗun 256. In 41256 ne, layi guda 256. Abin da ya biyo bayan alamar (-) a ƙarshen lambar, kamar 15 ko 20, saurinsa ne, nanosakan 150 ko 200. In za ka maye gurbi, sa mai lamba daidai ko ƙasa. Shi 4116 wuta iri uku yake ci, +5 da +12 da -5, kuma rashin -5 ɗin yana iya lalata shi, wani dalilin ke nan na auna wuta kafin a jona. Game da iyakar kilobayit 640 da aka san kwamfutocin nan da ita, asalinta a nan yake: 8088 layin adireshi 20 gare shi, iyakarsa megabayit ɗaya, IBM ta ware 384 na sama don katin hoto da ROM, wato aisin da ke riƙe umarnin dindindin, abin da ya rage shi ne 640.

Aisin da ke zaune cikin soket sukan ɗago a hankali saboda zafi da sanyi na shekaru. Dafa kowanne da babban yatsa, allon yana kan shimfiɗaɗɗen wuri, za ka ji ɗan ƙas ya koma. Wannan kaɗai ya tayar da na'urori da yawa. In ka cire aisi, lura da ɗan tsagin da ke kansa, dole ya fuskanci inda tsagin soket yake. In ka juya shi ya mutu.

ROM manya ne kaɗan, masu ƙafa 24 ko 28. A 5150 guda biyar ne: ɗaya na BIOS, umarnin da ke tayar da na'urar, mai kilobayit 8, huɗu na BASIC, harshen rubuta wa kwamfuta umarni. A na kwaikwayo za ka ga masu lamba 2764 ko 27128 ko 27256 da takarda manne a kai. Ƙarƙashin takardar 'yar taga ce ta gilashi, kuma da haske ake goge abin da ke ciki. Kada ka ɓare ta, in ta faɗi ka rufe da baƙin salatif, kada kuma ka shanya allon a rana.

Shekarun na'urar ma a rubuce suke. Kusan kowane aisi yana da lamba huɗu ta ranar ƙira: 8412 na nufin mako na 12 na 1984. Duba goma ka ɗauki mafi sabo, allon bai girme shi ba.

Ƙananan makunnai takwas da ke jere, waɗanda aka rubuta wa SW1, su ne saitin na'urar, don 5150 da XT ba su da batir ko shafin saiti. Na 2 yana kan ON in babu 8087. Na 5 da na 6 na katin hoto ne: duka OFF na MDA, 5 ON da 6 OFF na CGA mai harafi 80 a layi, duka ON na EGA ko VGA. Na 7 da na 8 yawan fulofi ne, duka ON na nufin guda ɗaya. Monitar MDA kuma ba a jona ta a katin CGA, ko da ramin ya shiga, saurin siginarsu ya bambanta, tana iya ƙonewa.

In allon na 286 zuwa 486 ne, yawancin waɗancan aisi sun dunƙule cikin biyu ko uku masu kusurwa huɗu, da sunaye irin su OPTi da SiS da UMC. RAM ta koma 'yan sanduna masu haƙori 30, waɗanda 386DX da 486 ke son su huɗu-huɗu iri ɗaya, 286 da 386SX kuma biyu-biyu. Masu haƙori 72 sun zo daga baya. A ramukan katuna kuwa, gajeren baƙin rami mai haƙori 62 na bit 8 ne, mai ƙari ya zama 98 na bit 16, mai ƙarin ruwan ƙasa a gaba VLB ne na zamanin 486, farare kuma PCI.

Batir, babban maƙiyin 286 da 386 da 486

Dubi kusa da ramin kibod. In ka ga wani ɗan batir mai siffar ganga, shuɗi ko kore, an like shi da dalma, an rubuta 3.6V, to cire shi yau, ko da kuwa yana da kyan gani. Ruwan da ke cikinsa yana tsiyaya in ya tsufa, ya bi siraran hanyoyin tagulla yana cin su ta ƙarƙashin fenti. Alamarsa farin gari a jikin batirin, da kore-kore ko shuɗi-shuɗi a ƙafafun abin da ke kewaye. Yanke ƙafafunsa biyu da filaya.

Ruwan nan ba asid ba ne, dangin kanwa ne, shi ya sa khal ke kashe shi. Ɗiga khal a wurin, za ka ga yana 'yar kumfa, bar shi minti biyar, ka cuɗa da buroshin haƙori. Ɗauraye da tataccen ruwa, irin wanda masu cajin batir ke ƙara wa batirin mota. Ka jaddada musu tataccen ruwa kake so, ba mai asid ba. Ruwan leda da na rijiya suna barin gishiri. Bi da sipirit, ka jingine allon a inuwa inda iska ke kaɗawa kwana biyu, da damina uku. Sannan sa mita a kan ƙara, ka bi kowace hanya da ta yi duhu daga farkonta zuwa ƙarshenta. Wadda ta yanke, haɗa ta da siririyar waya. Hanyoyin kibod ne suka fi shan wahala, shi ya sa irin wannan allo yakan tashi amma ya ƙi jin kibod.

Kada ka like ƙaramin batir mai faɗi na CR2032 a gurbin kai tsaye, domin allon zai riƙa tura masa caji, shi kuwa ba a cajinsa. Sai an sa dayod, mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, a tsakani. Mafi sauƙi, nemi tsinkaye huɗu da aka tanada don batirin waje, ka jona mazubin batir AA uku, ka ajiye shi nesa da allon. Wasu allunan kuma wani baƙin akwati ne da su da aka rubuta wa DS1287 ko DS12887. Batirin a cikinsa yake a rufe, ba ya zuba, amma in ya mutu sai an sauya akwatin ko an fafe shi an jona wani.

Mita

Zare filogi biyu da suka fito daga akwatin wuta zuwa allo, P8 da P9. Ka haddace wannan: in za a mayar da su, baƙaƙen wayoyi huɗu ne ke haɗuwa a tsakiya. Suna iya shiga a juye, kuma wannan kuskure ba ya gyaruwa. Tsinkayen allon 12 ne. Na 1, inda waya mai launin ruwan lemo ke shiga a yawancin na kwaikwayo, shi ne siginar da ke shaida wa allo wuta ta daidaita. Na 3 shi ne +12, na 4 -12, na 5 zuwa 8 ƙasa, wato inda baƙaƙen wayoyi ke shiga, na 9 -5, na 10 zuwa 12 kuma +5.

Sa mita a kan om, baƙin tsinke a ƙasa, ja a kan kowane layi bi da bi. Lamba ta fara ƙasa tana hawa, lafiya ke nan, kafasita ne ke cika. Layin +5 yakan nuna ƙaramar lamba ko da lafiya, amma ba sifili ba. In +12 ko -12 ya tsaya kusa da sifili, an samu shot, wato layin ya haɗe da ƙasa, kuma kusan kullum mai laifin kafasitan tantalom ne: 'yan ƙanana masu sheƙi, rawaya ko shuɗi ko ruwan lemo, masu ƙafa biyu ko uku, galibi kusa da mashigar wuta da ramukan katuna. In suka tsufa sukan haɗe ta ciki. Alamar a na'ura ita ce fanka ta motsa sau ɗaya ta tsaya, saboda akwatin wuta ya ga shot ya kare kansa. Wani lokaci kuma kafasitan ya fashe da tartsatsi. Ɗaga ƙafa ɗaya ta wanda kake zargi ka sake aunawa har shot ɗin ya ɓace, ka sa sabo mai ƙima ɗaya, bolt daidai ko sama, ka kiyaye gefen da aka yi wa alamar +. Mayar da katunan ɗaya-ɗaya kana aunawa, don su ma suna ɗauke da irinsa.

Akwatin wuta shi kaɗai ake gwada shi, kuma yawancinsu ba sa tashi sai da kaya. Jona ƙwan fitilar mota mai wat 21 tsakanin jar waya da baƙa. A ɓangaren shigar wuta, yi dabarar masu rediyo: ƙwan fitila mai zare na wat 100 a jere da wayar. Ya haska ya dushe, alama ce mai kyau. Ya tsaya da haske sosai, kashe, akwai shot a ciki. A wannan matakin sa takalmi, hannu a bushe, kuma ta sitabilaiza za ka bi, ban da ƙaramin janareta. Jar waya ta ba da bolt 4.75 zuwa 5.25, rawaya 11.4 zuwa 12.6. In farin hayaƙi mai wari ya taso alhali fanka na ci gaba da juyawa, yawanci kafasitan tace wuta ne mai alamar X2, wanda jikinsa ya tsattsage don tsufa. Kai wa mai gyara ya sauya shi.

Kunnawar farko

Abin da za ka haɗa kawai: allo, furosesa, RAM, sifika, katin hoto, kibod. Ban da faifai. Sifika dole ne, don da ita na'urar ke magana kafin hoto ya fito. Hannunka na kan makunni, idonka a kan allo. A IBM, gajeren kuka ɗaya lafiya; dogo ɗaya da gajeru biyu katin hoto; shiru ko kuka ba tsayawa, koma kan wuta da allo. A 5150, in layin RAM na farko, wanda aka like da dalma, ya samu matsala, na'urar takan yi tsit kamar matacciya. Bayan rabin minti kashe ka dafa bayan kowane aisin RAM, wanda ya fi 'yan'uwansa zafi sosai shi ne abin zargi.

In lamba ta fito a monita: 201 RAM, 301 kibod, 601 fulofi, 1701 rumbun ajiya, wato babban faifan da ke cikin na'urar, 161 da 163 batir da agogo a AT. Kafin ka yanke wa kibod hukunci, duba ƙasansa, wasu suna da makunnin XT da AT, don yarensu ba ɗaya ba ne ko da filogin iri ɗaya ne. Ainihin IBM in ba ta ga faifai ba sai ta faɗa BASIC ta rubuta Ok; ganin wannan na nufin furosesa da ROM da RAM da hoto duk suna raye.

Faifai

Faffaɗar wayar fulofi mai layi 34 ce, jan gefenta yana bin tsinke na 1. In fitilar fulofi ta kama ta ƙi mutuwa, wayar a juye take, kuma faifan da ke ciki na iya lalacewa. Filogin da ke bayan inda wayar ta murɗe shi ne na A. Goge kan karatu da auduga da sipirit, ka sa ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a sandunan da yake zamewa a kai. Faifan da ya yi fumfuna kada ka saka, zai shafe kan da datti ya kuma karce na gaba.

Rumbun ajiya mai waya ɗaya ta layi 40 IDE ne. Mai waya biyu, 34 da 20, tsohon MFM ne, irin ST-412 mai megabayit 10 da ya zo a XT, ko ST-225 mai 20. Irin wannan ba a raba shi da katinsa, don wani katin ba lallai ya iya karanta abin da wancan ya rubuta ba. A 286 zuwa sama, in batir ya mutu allon yakan manta irin rumbun da ke jikinsa, sai a zaci ya lalace. Shiga saiti, a yawancin na kwaikwayo da maɓallin Del, ka ba shi lambobinsa: ST-412 silinda 306, kai 4, sekta 17, ST-225 silinda 615, kai 4, sekta 17. Duk abin da ya ce maka fomat, wato goge rumbun, ƙi shi. Kada ka motsa na'urar rumbun na juyawa. In ya buɗe, kwafe abin da ke ciki a zaman farko, domin ba tabbas zai sake tashi gobe. In kuma ka tarar da takardun albashi ko sakamakon jarrabawa ko wasiƙun mutane, amana ce ta faɗo hannunka: sanar da inda na'urar ta fito, su za su ce a adana ko a goge.